Waiwaye: yadda sojan Rasha ya watse a 1917 da yadda aka sake ɗinke shi

Musun da ake ta yi a majalisarmu ta Jekadafari nan Gombe shi ne wai yawan janar-janar ke cin yaƙi, to ni dai Rasha nake kawo musu misali.

A watan Maris 1917 Sarki Nicholas na biyu ya sauka daga mulki ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, a daidai lokacin majalisar ma'aikata da sojoji ta Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ta fitar da Oda mai lamba 1, wai kowace runduna ta zaɓi kwamitinta, makamai su koma hannun kwamiti, kuma ba dole kurtu ya sara wa ofisa ba in ba a bakin aiki suke ba. Ai shikenan. Galibin kuratan nan manoma ne, da suka ji ana rabon gonakin masu hali a ƙauye sai kowa ya saɓi bindigarsa ya kama hanyar gida, farmakin da Kerensky, ministan yaƙi na gwamnatin riƙon ƙwarya, ya tura su a tsakiyar shekarar ma watsewa ya yi. Janar Kornilov ya nufo Petrograd da dakaru, ma'aikatan reluwe suka tare masa jirage, daga nan kurtu ya daina yarda da duk mai anini a kafaɗa. Da Bolshebik, 'yan gurguzun jam'iyyar Lenin, suka karɓi mulki a Nuwamba, babban kwamanda Janar Dukhonin ya ƙi buɗe maganar tsagaita wuta da Jamus, suka naɗa Krylenko, ƙaramin ofisa fa, a madadinsa, shi kuwa Dukhonin gungun sojoji suka kashe shi a tashar jirgin Mogilev. Dattawanmu sun san irin wannan, a Yuli 1966 Birgediya Ogundipe ne na gaba a muƙami bayan Janar Ironsi amma ƙananan sojoji suka ƙi bin odarsa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne waɗanda suka rusa ɗa'ar su ne suka dawo da ita, har da ƙari. Trotsky, ɗaya daga cikin jagororin Bolshebik, ya karɓi harkar soja a Maris 1918, ya soke zaɓen ofisoshi, aka koma ɗaukar soja dole, sannan ya kwaso dubban ofisoshin sarkin nan da aka kora ya ba su runduna, kowanne an manna masa ɗan jam'iyya mai sa ido wanda sai ya sa hannu oda ke tafiya, in ofisa ya tsere iyalinsa ke ɗanɗana kuɗarsu. Stalin bai so tsarin ba, sun yi ta sa-in-sa da Trotsky a kan yaƙin garin Tsaritsyn, amma tsarin ya yi aiki.

Su kuwa Farare, wato masu yaƙar Bolshebik a yaƙin basasar da ya biyo baya, janar har ya yi musu yawa, Kolchak a Saiberiya, Denikin a kudu, Yudenich ta wajen Estoniya, kowa da lokacin da yake kai nasa harin, ga yaransu na wawushe kayan talakawa. Denikin ya kai Orel a Oktoba 1919 aka koro shi, ga shi ba sa ga maciji da Wrangel, wani janar ɗin Farare da ya gaje shi. An harbe Kolchak a Irkutsk a Fabrairu 1920, a Nuwamba Wrangel ya loda ragowar a jiragen ruwa suka bar Kirimiya.