Ten Hag ne ko rauni? Tambayoyi kan abin da ya durƙusar da Manchester United a kakar 2023/24

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a wancan lokacin ya ji musun nan. Da an tashi wasa sai magoya bayan United su rabu biyu: wasu na cewa koci ne bai iya ba, wasu na cewa a bar shi, rabin 'yan wasansa suna jinya.

Wai me ya faru ne har musu ya yi zafi haka?

Koci Erik ten Hag ya zo United daga Ajax a 2022, kuma kakarsa ta farko ta yi kyau: ya ci kofin Carabao a hannun Newcastle, ya ƙare a mataki na uku. Sai kaka ta biyu ta zo da wani abu dabam. United ta ƙare ta takwas da maki 60, an doke ta sau 14, ƙwallayen da aka zura mata, 58, sun ɗara waɗanda ta ci, 57. A gasar Zakarun Turai kuwa ita ce ta ƙarshe a rukunin da ya haɗa ta da Bayern Munich da Copenhagen da Galatasaray.

Shin da gaske ne raunin ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai, musamman a baya. Tyrell Malacia bai buga ko wasa ɗaya ba duk kakar saboda gwiwa. Luke Shaw ya yi ta fita yana dawowa, daga watan Fabrairu kuma bai sake bugawa ƙungiyar ba har aka rufe kaka. Ka ga 'yan bayan hagu biyu ke nan sun tafi, har ta kai ana tura Sofyan Amrabat, ɗan tsakiya, ya toshe gurbin. Lisandro Martinez ya yi fama da ƙafa, ya dawo, sai gwiwa ta kama shi a wasan West Ham.

Wannan na ƙarshen shi ne babban rashi. Martinez ne mai fito da ƙwallo daga baya da ƙafar hagu, kuma salon Ten Hag a kansa ya dogara. Ranar 6 ga Mayu 2024 aka ga ƙarshen abin: Casemiro, wanda ɗan tsakiya ne, da Jonny Evans, mai shekara 36, su ne a tsakiyar baya, Crystal Palace ta lallasa su 4-0. Wanda ya kalli wasan ya san ba a yi wa Casemiro adalci ba da aka tsayar da shi a wurin.

To ke nan kocin ba shi da laifi?

A nan nake rabuwa da masu kare shi. Rauni yana bayyana dalilin da ya sa ɗan baya ya yi kuskure, amma ba ya bayyana filin da ake bari fayau a tsakiya mako bayan mako. 'Yan gaba su ruga su matsa wa abokan hamayya, 'yan baya su ja da baya don tsoron gudu, sai a bar ɗan tsakiya ɗaya yana ta zarya a fili kamar mai gadin kasuwa shi kaɗai. Brentford ta kai musu hari sau 31 a wasa guda a watan Maris. Coventry, da ke rukuni na biyu, ta farke ƙwallo uku a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, sai da aka je bugun fenariti United ta sha da ƙyar. Wannan aikin tsari ne, tsari kuwa na koci ne. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Shi kuwa ya ga ba shi da 'yan wasan salonsa, amma ya ƙi sauya salon.

Sannan ga cinikin 'yan wasa. Antony, yaronsa tun daga Ajax, an saye shi sama da fam miliyan 80, ya ƙare kakar da ƙwallo ɗaya tak a Firimiya. Ba za a ce likita ne ya jawo wannan ba.

Ko atisayen koci na iya jawo rauni?

Yana iya taimakawa, musamman ciwon tsoka, idan aka haɗa gudu mai yawa da ƙarancin hutu, ko aka dawo da ɗan wasa bai gama warkewa ba. Amma karo a fili, irin wanda ya sami gwiwar Martinez, tsautsayi ne.

Me ya sa ba a kore shi a ƙarshen kakar ba?

Kofin FA ne ya cece shi. Ranar 25 ga Mayu 2024, da Martinez da Raphael Varane a baya, United ta doke Manchester City 2-1 a Wembley, Garnacho da Kobbie Mainoo suka ci. Masu kare shi suka samu abin faɗa: kun ga abin da yake yi in yana da mutanensa? Sabuwar hukumar Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi wani kaso na ƙungiyar, ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta tsawaita masa kwantiragi. Wata huɗu ba su cika ba, ranar 28 ga Oktoba, aka sallame shi bayan West Ham ta ci su 2-1, ƙungiyar tana ta 14.

Korar tasa ta raba gardamar?

Ina! Ruben Amorim ya zo daga Sporting da nasa salon na 'yan baya uku, United ta ƙare kakar 2024/25 a mataki na 15, Tottenham kuma ta doke ta 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Masu cewa Ten Hag ne matsala sai suka koma kan 'yan wasa da iyalan Glazer da suka mallaki kaso mafi girma na ƙungiyar, masu kare shi kuwa har yau in musu ya tashi wasan Wembley suke fara tunowa.