Waiwaye: Lenape da eka 63 da suka dawo hannunsu

A shekarar 2023 wata ƙungiya mai alaƙa da ƙabilar Nanticoke Lenni-Lenape, wani reshe na Lenape, 'yan asalin Amurka tun kafin zuwan Turawa, ta karɓi daji mai eka 63 a gundumar Salem, kudancin jihar New Jersey a Amurka. An raɗa masa suna Cohanzick, kuma tsohon ginin cocin da ke ciki ne ake son mayarwa cibiyar koyar da al'ada. Filin ba shi da wani girma, sai dai duk wanda ya san abin da aka ƙwace ya san darajarsa.

Can da, ƙasar Lenape ta haɗe New Jersey baki ɗaya, da gabashin Pennsylvania, har tsibirin Manhattan, wanda Turawan Holan suka ce sun saya a 1626. Yaudarar da ta fi yi musu ciwo kuwa ita ce ta 1737. 'Ya'yan William Penn, Baturen da ya kafa Pennsylvania, suka fito da wata tsohuwar takarda da ta ce an sayar wa ubansu ƙasa iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi. Sai suka sa aka share hanya, suka ɗauko gwanayen gudu uku, ɗayansu ya ci fiye da mil 60. Da wannan wayon aka karɓe eka kusan miliyan 1.2.

Daga nan sai kora. Yarjejeniyar da suka ƙulla da Amurka a 1778 ba ta hana a kashe Kiristocinsu 96 a ƙauyen Gnadenhutten na Ohio a 1782 ba. Aka yi ta tura su yamma, Ohio, Indiana, Missouri, Kansas, har Oklahoma. Wasu suka tsallaka Kanada.

Kotu ma ba ta share musu hawaye ba. A 2004 Delaware Nation, ɗaya daga ƙabilun Lenape, ta nemi eka 315 kacal a Pennsylvania, ta sha kaye. Shi ya sa abin da ke dawowa yanzu ta hanyar saye ko kyauta yake dawowa.

A ganina, kafin mai zane ya ɗauki fensir akwai tambayar da ta fi tubali nauyi: cibiyar ta wa ce? Gwamnatin tarayya ƙabilun Lenape uku ta amince da su, biyu a Oklahoma, ɗaya a Wisconsin. Waɗanda suka ce kakanninsu ba su taɓa barin New Jersey ba, jiha ce kawai ta amince da su, kuma tsakanin ɓangarorin akwai tsohuwar jayayya kan wa ke da bakin magana.

Ko siffar ginin ma ba a tsohuwar ƙasar za a samo ta duka ba. Babban ɗakin ibadarsu na itace, mai ƙofa gabas da yamma da ginshiƙi a tsakiya, a Oklahoma aka yi bikinsa na ƙarshe, a 1924. Munsee kuma, ɗaya daga harsunan Lenape, dattawan ƙarshe da suka tashi da shi a bakinsu a Ontario ta Kanada aka same su.