Takaddamar kuɗin ta'aziyyar sojojin Amurka a 2013

Takaddamar kuɗin ta'aziyyar sojoji rikici ne na siyasa da ya ɓarke a Amurka a farkon watan Oktoban 2013, lokacin da ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta dakatar da biyan dala 100,000 da doka ta tanadar wa iyalan duk sojan da ya rasu yana bakin aiki. Dakatarwar ta biyo bayan rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya saboda majalisar dokoki ta kasa amincewa da kasafin kuɗi. Kwana goma kacal lamarin ya ɗauka, kuma kuɗin da ake magana a kai bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da kasafin tsaron ƙasar na ɗaruruwan biliyoyin daloli. Duk da haka ya zama ɗaya daga cikin misalan da aka fi ambata idan ana maganar yadda 'yan siyasa ke riƙe mutuwar sojoji a matsayin makami a rigimar kasafi, domin babu jam'iyyar da ta ce kada a biya, amma kowacce ta yi amfani da rashin biyan wajen shafa wa ɗayar kashin kaji.

Asalin kuɗin

An fara wannan tanadi ne a 1908, inda doka ta ce a bai wa matar sojan da ya rasu, ko wanda ya ambata kafin rasuwarsa, albashinsa na wata shida. Manufar ita ce iyali su sami abin riƙe kansu nan take, kafin sauran haƙƙoƙi masu jan lokaci su fito. An soke shi a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da aka ɓullo da inshorar yaƙi, sannan aka maido da shi wajejen 1919 zuwa 1920.

A 1956 aka sa masa iyaka: kada ya gaza dala 800, kada ya wuce 3,000. Haka ya zauna shekaru masu yawa, hauhawar farashi tana cinye darajarsa, babu wanda ya damu sosai. Sai a 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, aka ɗaga shi zuwa dala 6,000, a hakan ma ana cire haraji daga rabinsa. A 2003, bayan gawawwaki sun fara dawowa daga Iraƙi da Afganistan, aka mayar da shi 12,000 aka kuma cire masa haraji baki ɗaya. Duk wani ƙari da aka yi masa a wannan zamani yaƙi ne ya jawo shi, lokacin da hankalin masu zaɓe ke kan sojoji.

Babban tsallen ya zo a 2005. A lokacin ana ta kwatanta abin da iyalan sojoji ke samu da abin da asusun diyya ya biya iyalan waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumban 2001, wanda matsakaicinsa ya kai kusan dala miliyan 2 ga kowane mamaci. Sanata Jeff Sessions na jam'iyyar Republican da Sanata Joe Lieberman na Democrat suna cikin waɗanda suka jagoranci neman ƙari. A watan Mayun shekarar aka amince da dala 100,000 ga waɗanda suka mutu a fagen fama ko a aikin da ya danganci yaƙi, aka kuma mayar da lissafin baya har zuwa 7 ga Oktoban 2001, ranar da aka fara kai hari Afganistan. Manyan hafsoshi sun nuna rashin jin daɗinsu da bambanta mamaci da mamaci, don haka a farkon 2006 aka faɗaɗa shi ga duk wanda ya rasu yana cikin aiki, ko a haɗarin mota ne ko a gadon asibiti. A daidai wannan lokaci aka ɗaga inshorar rayuwar sojoji zuwa dala 400,000.

A bisa al'ada ana biyan kuɗin ta'aziyyar cikin kwana uku. Da shi iyali ke biyan haya da kuɗin tafiyar dangi da hidimar jana'iza, tunda albashin mamaci yana tsayawa ne daga ranar rasuwarsa.

Yadda aka kai ga rufe gwamnati

Shekarar kasafin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Akwai wata tsohuwar doka mai suna Antideficiency, wadda tushenta ke komawa ƙarni na 19, da ta haramta wa jami'in gwamnati kashe kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Da can ma'aikatu kan ci gaba da aiki ko da kasafi ya makara, sai a 1980 da 1981 Antoni-janar Benjamin Civiletti ya fassara dokar da tsauri: in babu kasafi a rufe, in ban da ayyukan da suka shafi kare rai da dukiya. Soja yana cikin waɗanda dole su ci gaba da aiki. Biyan iyalinsa bayan ya mutu kuwa bai shiga wannan togaciya ba.

A 2013 'yan Republican ne ke da rinjaye a Majalisar Wakilai ƙarƙashin kakaki John Boehner, 'yan Democrat kuma na riƙe da Majalisar Dattawa ƙarƙashin Harry Reid, Barack Obama yana fadar White House. Wani ɓangare na 'yan Republican, da Sanata Ted Cruz a gaba, ya dage cewa ba za a amince da kasafi ba sai an hana wa shirin inshorar lafiya na Obamacare kuɗi ko an jinkirta shi. 'Yan Democrat suka ce a kai kasuwa. Aka yi kiki-kaka, ranar 1 ga Oktoba aka tura ma'aikata kimanin 800,000 hutun dole.

Tun ranar 27 ga Satumba, babban jami'in kuɗi na Pentagon, Robert Hale, ya faɗa wa manema labarai cewa idan aka rufe gwamnati ba za a iya biyan kuɗin ta'aziyya nan take ba. Maganar ta wuce ba tare da ta tayar da ƙura ba. Cikin kwana uku bayan haka, kafin rufewar, majalisun biyu suka zartar da wata gajeriyar doka cikin gaggawa, wadda ɗan majalisa Mike Coffman ya gabatar, don a ci gaba da biyan sojoji albashi da alawus, Obama ya rattaba mata hannu a daren 30 ga Satumba. Dokar ba ta ambaci kuɗin ta'aziyya ba.

Kwanaki goma na Oktoba

Ranar 5 ga Oktoba wani matashin sojan kundumbala na ruwa ya rasu a lardin Helmand na Afganistan. Washegari wasu sojojin ƙasa huɗu suka mutu a gundumar Zhari ta lardin Kandahar, sakamakon fashewar bama-bamai yayin wani samame na dare. Biyu daga cikinsu 'yan rundunar Ranger ne, ɗaya mace ce ma'aikaciyar jinya, ɗaya kuma jami'in binciken laifuka na soja. Da jami'an da ke kai saƙon rasuwa suka isa gidajen, dole suka ƙara da cewa kuɗin ba zai fito yanzu ba, haka ma kuɗin jirgin da gwamnati ta saba biya wa dangi zuwa sansanin sojan sama na Dover a jihar Delaware.

Dover nan ne ake sauke gawar duk sojan Amurka da ya mutu a ƙetare. Akan fito da akwatin daga cikin jirgin dakon kaya lulluɓe da tuta, sojoji sanye da farar safar hannu su ɗauke shi a hankali zuwa motar da ke jira, dangi suna tsaye a gefe. Daga 1991 an hana ɗaukar hoton wannan sauka, sai a 2009 sakataren tsaro Robert Gates ya ɗage haramcin bisa sharaɗin iyali sun yarda. Saboda haka a 2013 hoton akwatunan yana iya fitowa a talabijin a rana ɗaya da hoton 'yan majalisa suna musayar yawu.

Daga ranar 8 ga wata labarin ya mamaye kafafen watsa labarai. Sanata John McCain, wanda ya yi fiye da shekara biyar a matsayin fursunan yaƙi a Biyetnam, ya tashi a zauren majalisa yana tambayar takwarorinsa ko ba su ji kunya ba. Boehner ya ce abin kunya ne gwamnati ta hana kuɗin, domin a ganinsa dokar 30 ga Satumba ta ba ta ikon biya. Limamin Majalisar Dattawa, Barry Black, wanda tsohon babban limamin sojan ruwa ne, ya shigar da maganar cikin addu'ar buɗe zama, yana cewa lokaci ya yi da 'yan majalisa za su ce ya isa haka.

Ranar 9 ga Oktoba abubuwa uku suka faru. Sakataren tsaro Chuck Hagel ya je Dover da kansa ya tarbi gawawwakin huɗu. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin maido da biyan da ƙuri'a 425, babu ko ɗaya da ta ƙi. Sannan Pentagon ta sanar da yarjejeniya da gidauniyar Fisher House, wata ƙungiyar agaji da aka kafa a 1990 mai gina masaukin kyauta ga iyalan sojoji a kusa da asibitoci, cewa gidauniyar za ta biya iyalan daga aljihunta, gwamnati ta mayar mata idan an buɗe. Sanata Joe Manchin ne aka ce ya haɗa ɓangarorin biyu. Hagel ya fitar da sanarwa yana cewa ransa ya ɓaci kuma ya ji kunya.

A nan ne siyasar ta fito fili. Tun farkon rufewar 'yan Republican suka ɗauki dabarar zartar da ƙananan ƙudurori ɗaya bayan ɗaya, yau na gandun daji da wuraren tarihi, gobe na cibiyar binciken lafiya, jibi na tsoffin sojoji, don su tilasta wa 'yan Democrat ko dai su yarda ko a gan su suna ƙin abin da jama'a ke so. 'Yan Democrat kuma sun yi ta watsi da su, suna cewa a buɗe gwamnati gaba ɗaya. Ƙudurin ta'aziyya ya jefa su cikin tsaka mai wuya. Reid ya ce tunda an shirya da Fisher House maganar ta ƙare, kakakin White House Jay Carney ma ya ce babu buƙatar sabuwar doka. Amma da Sanata John Cornyn ya nemi a zartar da shi ranar 10 ga wata, babu wanda ya iya buɗe baki ya ƙi. Obama ya sa hannu a yammacin ranar. Zuwa lokacin sojoji sama da ashirin ne suka rasu tun daga 1 ga Oktoba, akasarinsu ba a fagen fama ba. Daga bisani gidauniyar ta ba kowane iyali kyautar dala 25,000.

Gwamnati ba ta buɗe ba sai bayan ƙuri'ar daren 16 ga Oktoba, kwana 16 da rufewa, kuma Obamacare ya tsira kusan yadda yake.

Wa ke da alhaki

'Yan Republican irin su Duncan Hunter sun ce lauyoyin gwamnati sun ƙuntata fassarar dokar, wasu ma suka ce da gangan ne don a ji zafin rufewar. Gwamnati ta ce albashi da alawus haƙƙin soja ne mai rai, kuɗin ta'aziyya kuwa na magada ne, kuma an yi gargaɗi tun kafin a rubuta dokar. Ba a kai maganar kotu ba.

Maimaituwar lamarin a 2018

Majalisa ba ta toshe ɓarakar ba bayan 2013, dokar da aka yi ta wucin gadi ce. Ranar 20 ga Janairun 2018 aka sake rufe gwamnati, wannan karon kan makomar matasan baƙin haure da aka shigo da su ƙasar suna yara, kuma a ranar wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu samfurin Apache ya faɗi a sansanin Fort Irwin na Kalifoniya, matuƙa biyu suka mutu. Fisher House ta sake miƙa tayinta. Kujeru dai sun sauya: Donald Trump ya zargi 'yan Democrat da yin garkuwa da sojoji, yayin da Sanata Claire McCaskill ta Democrat ta nemi a zartar da dokar biyan sojoji nan take, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Mitch McConnell na Republican, ya ƙi, yana cewa a buɗe gwamnati gaba ɗaya. Hujjar Reid ke nan ta 2013 a bakin abokin hamayyarsa. Rufewar ta ƙare cikin kwana uku.

A wannan lokaci gardamar ta wuce kuɗin ta'aziyya, ta koma kan girman kasafin tsaro kansa, wanda dokar taƙaita kashe kuɗi ta 2011 ta yi wa linzami. Shekarar 2017 ta zo da munanan haɗurra: jirgin ruwan yaƙi USS Fitzgerald ya yi karo a gaɓar Japan a watan Yuni, sojoji 7 suka mutu, USS John S. McCain ya yi nasa kusa da Singafo a watan Agusta, 10 suka mutu. Jirgin sama samfurin KC-130 ya faɗi a Misisipi a watan Yuli da mutum 16. Kakakin majalisa Paul Ryan ya yi ta nanata cewa sojoji 80 ne suka mutu a haɗurra da atisaye a shekarar, kusan ninki huɗu na waɗanda abokan gaba suka kashe, yana danganta hakan da ƙarancin kasafi. Cikin waɗanda suka mutu a fagen fama a shekarar akwai huɗun da aka yi wa kwanton ɓauna a Tongo Tongo ta Jamhuriyar Nijar ranar 4 ga Oktoba. A watan Fabrairun 2018 aka ɗaga iyakar kasafin tsaro da dala biliyan 80 a shekarar, da biliyan 85 a ta gaba.

Binciken da ya biyo baya bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Rundunar sojan ruwa ta ce karon jiragen biyu abu ne da za a iya kauce masa, ta ɗora laifi kan kurakuran masu tuƙi da ƙarancin horo da gajiya, an kuma cire kwamandan runduna ta bakwai da jiragen suke ƙarƙashinta. Jirgin Misisipi kuwa farfela ce mai tsatsa ta ɓalle, wadda aka kasa ganowa a gyaran da aka yi mata a 2011, kafin yankan kasafin ya fara aiki. Wani kwamitin ƙasa kan haɗurran jiragen soja ya ba da rahoto a Disamban 2020 cewa tsakanin 2013 da 2018 an yi asarar rayuka 198 da jirage 157, ya kuma lissafa ƙarancin sa'o'in tashi da rashin tabbas wajen fitar kasafi cikin musabbabai.

Halin da ake ciki

A 2018 majalisa ta shigar da wani sashe cikin dokar kasafi da ya ba da damar biyan kuɗin ta'aziyya ko da gwamnati tana rufe, bisa ƙudurin da 'yan majalisa Gerry Connolly da Tom Rooney suka daɗe suna nema. Adadin yana nan a dala 100,000 kamar yadda aka sa shi a 2005.