Gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara a firi-amf ɗin da ka haɗa: tambayoyi da amsoshi

Kullum tambayoyin nan ne dai daga ƙannenmu masu haɗa firi-amf, wato ƙaramin amfilifayar da sauti ke bi kafin ya shiga babba, da hannunsu, sifikar dama tana tashi, ta hagu tana noƙewa. Na amsa har na gaji, shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

IC ɗin ne ya lalace?

Da wuya. IC, wato ɗan baƙin guntun da ke ƙara sautin, NE5532 ne ko TL072 ko 4558, idan ya samu matsala yawanci shiru za ka ji ko sauti mai kakari, ba ɗan ragin ƙara ba. Bar shi a inda yake, kada ka ƙona fanel a banza.

To daga ina zan fara?

Daga wayoyi. Musanya hagu da dama a inda sauti ke fita daga firi-amf zuwa babban amfilifaya. Idan raunin ya tsaya a sifikar da yake, laifin na amfilifaya ne ko sifikar. Idan ya koma ɗaya gefen, mayar da su, ka musanya na shiga. Ya sake ƙaura? Wayar ce ko abin da ke ba da sautin. Bai motsa ba? Yanzu ka buɗe firi-amf. Aikin minti biyu ne, amma shi kowa ke tsallakewa, sai mutum ya cire kaya goma masu lafiya sannan ya zo tambaya.

Kunnena bai isa ba?

Bai isa ba, ƙanena. Saka sauti ɗaya mai tsayi daga wayar hannu, kamar 100Hz, ka sa mita a AC, ka auna ƙafa ta 1 da ta 7 na IC ɗin da giraun. Su ne mafitar gefen biyu. Bambancin kashi 12 cikin ɗari kusan 1dB ne (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan ɗaya ya ninka ɗaya, 6dB ke nan, akwai kuskuren haɗi.

Idan na rage bolum sosai gefe ɗaya ya ɓace, idan na ƙara sai su daidaita. In canza bolum?

Nan ne ba na son gaggawa. Bolum na sitiriyo guda biyu ne a kan sanda ɗaya, kuma layin baƙin da ke cikinsu ba ya taɓa zama daidai wa daida. A ƙasa-ƙasa bambancin ya fi fitowa, har masu tsada ma ana yarda musu da 2dB zuwa 3dB a wurin. Saboda haka sabo zai iya gyarawa, zai kuma iya fin tsohon muni, ya danganta da wanda ka dace da shi. Idan za ka saya, tafi da mita, ka juya sandar kaɗan, ka auna daga ƙafar tsakiya zuwa ta giraun a duka biyun, ka zaɓi wanda lambobinsa suka fi kusa.

Amma sau da yawa bolum ɗin ba shi ne asalin ciwon ba. Firi-amf ɗinka ne ke ƙara sauti fiye da kima, har ya zama kana taɓa bolum kaɗan ɗaki ya cika, kullum kana zaune a wurin da ya fi rauni. Duba rizisto biyu da ke saita ƙarfin: 100k da 10k suna ninka sauti sau 11, alhali mai jona wayar hannu ko kwamfuta sau 3 ko 4 kan ishe shi. Mayar da 100k zuwa 22k a gefe biyun, sai bolum ya koma aiki kusa da tsakiya. Wasu kuma sukan sa bolum mai alamar B na 100k, wato irin da ke ƙaruwa bai-ɗaya yayin juyawa, su haɗa rizisto 15k daga ƙafar tsakiya zuwa giraun a kowane gefe. Yakan taimaka, domin irin B sun fi tafiya tare, sai dai yana ɗora wa abin da ke ba da sautin nauyi idan an buɗe bolum duka. Ni dai rage ƙarfin nake fara gwadawa.

Bambancin yana nan ko'ina na kai bolum.

Rizisto ne ko dalma. 10k ruwan ƙasa, baƙi, lemo ne. 100k ruwan ƙasa, baƙi, rawaya. Da daddare a hasken tocila lemo da rawaya ɗaya suke zama. Kashe wuta, ɗaga ƙafa ɗaya, sannan ka auna, don a kan fanel mita ƙarya take yi. Kuma ka daina sa masu zoben gwal da ke iya kauce wa lambarsu da kashi 5 a nan, nemi na kashi 1. Duk dalmar da ta yi dusu-dusu kamar toka, sake narka ta.

Gefe ɗaya ba shi da bas.

Kondansar da sauti ke ratsawa ce. Ta bushe, ko lambarta ba ɗaya ba ce da ta ɗaya gefen. Canza duka biyun.

Yana ƙaras-ƙaras idan na juya.

Ƙura ce, musamman bayan hunturu. Fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ka juya sau ashirin. Don Allah ban da man inji.

In sa balans, mai daidaita hagu da dama, kawai in huta?

Sa, bayan ka auna. Idan bambancin ya wuce 1dB a tsakiyar bolum, koma kan rizisto ɗinka tukuna.