Dokar ajiye kare a gidajen benen gwamnati a Singafo

A Singafo ba kowane kare mutum zai ɗauko ya kai gidansa ba, musamman in yana zaune a gidajen benen gwamnati da hukumar gidaje ta HDB ke ginawa. Ita wannan hukuma tun 1960 aka kafa ta, kuma kusan mutum 8 cikin 10 na ƴan ƙasar a cikin benayenta suke zaune, to ka ga dokar ta shafi kusan kowa kenan.

Ƙa'idojin dabbobi na hukumar sun samo asali ne daga 1989. Abin da suka ce shi ne kare ɗaya tak a kowane fulat, kuma dole ya fito daga jerin nau'i 62 da aka amince da su, yawancinsu ƙanana ne irin su Chihuahua da Pomeranian da Shih Tzu da Maltese, waɗanda za ka iya rungumarsu da hannu ɗaya ka shiga lif da su. Manya irin su Golden Retriever ko German Shepherd ba sa cikin jerin. Wanda ya karya dokar ana iya cin sa tarar da ta kai dalar Singafo 4,000. Mai gidan kansa da ba na hukuma ba shi kuma zai iya ajiye har uku.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, baranda ɗaya, lif ɗaya, haushin kare da tsakar dare sai ya tashi hawa guda, ga kashi a hanya ga yara masu tsoro, sannan gwamnati da gangan take cakuɗa Sinawa da Malayawa da Indiyawa a bene ɗaya, kuma Malayawan nan mafi yawansu Musulmi ne da ke kiyaye yawun kare saboda tsarki. Gaskiya duk wanda ya taɓa zaman haya zai gane hikimar.

Amma dokar ta bar wasu a baya, wato karnukan titi barbarar yanyawa da ake kira Singapore Specials. Sun fi girman da aka yarda, don haka sai su cika gidajen kula da dabbobi ba mai iya ɗauka. Wannan ne ya sa a 2012 aka fara shirin Project ADORE, inda aka ba mazauna HDB damar ɗaukar irinsu in tsayinsa bai wuce santimita 50 ba, nauyinsa kuma kilo 15. A 2020 aka ɗaga tsayin zuwa 55 aka cire maganar nauyi gaba ɗaya. Sharaɗi dai sai an yi masa fiɗiya, an kai shi horo, mai shi kuma ya sa hannu zai kiyaye haƙƙin maƙwabta. A ganina nan ne aka fi yin adalci.

Kowane kare kuma sai da lasisi daga hukumar dabbobi ta AVS, da ƴar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fatarsa mai ɗauke da lambarsa, in an fita waje kuma dole da igiya a wuya.

Kyanwa kam an haramta ta kwata-kwata tun 1989, sai ranar 1 ga Satumba 2024 aka ɗage, yanzu ana iya ajiye biyu a fulat.