Maraɗi

Maraɗi jiha ce a kudancin tsakiyar Jamhuriyar Nijar, kuma sunan babban birninta ke nan. Tana iyaka da Damagaram daga gabas, Tawa daga yamma, Agadas daga arewa, Najeriya kuma daga kudu. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar sun haura miliyan 3.4, mafi yawansu Hausawa, tare da Fulani da Buzaye. Kudu, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ƙasar noma ce. Idan aka nausa arewa ta Dakwaro sai ruwan sama ya ragu, kiwo ya karɓi wuri.

Asalin sarautar Maraɗi daga Katsina yake. Da masu jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa ma suka zauna kusa, a Tsibiri. Daga nan aka yi ta kai yaƙi ƙasar daular Sakkwato, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore.

Tsohon garin a cikin fadama yake. A 1945 gulbi ya cika ya cinye shi, aka komo kan tudu, aka yanka tituna a miƙe, tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo suka hau da sunayensu.

Kasuwanci ne jinin garin. Gyaɗa ce ta fara ɗaga shi tun zamanin Faransawa, cikinta manyan attajiran da ake kira Alhazan Maraɗi suka yi ƙarfi. Da farin da aka yi a shekarun 1970 ya karya nomanta, sai suka juya ga fatauci da Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A kasuwa naira da sefa tare suke yawo, kuma an ji jiki ƙwarai da Najeriya ta rufe iyaka a 2019. Manoma na shuka gero, dawa da wake, ga jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna har Turai.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne sassaben zamani. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon gawo da kalgo ya girma cikin gona, har filayen da suka zama fako suka sake yin inuwa.