Shin jariri ba ya gane hirar da ake yi masa?

An daɗe ana cewa ɓata baki ne yi wa jariri hira, tunda bai san me ake faɗa ba, sai ya fara magana tukuna. Ba abin mamaki ba ne a zaci haka, domin ba ya mayar da amsa da kalmomi.

Amma koyon magana yana farawa tun kafin haihuwa. A watanni 3 na ƙarshen ciki ɗan tayi yana jin sauti, shi ya sa sabon jariri yake bambanta muryar mahaifiyarsa da ta wata mace. Wajen wata 6 yakan fara gwaranci, yana juyowa idan an kira sunansa. Kafin ya cika shekara 1, kunnensa ya riga ya saba da sautukan harshen da ake yi a gabansa, har ya fara daina tantance waɗanda ba ya ji. Kalmar farko da ake murna da ita, aikin watanni ce ta fito fili.

Abin da ya fi tasiri shi ne musayar: ya yi sauti, a amsa masa, ya sake yi. Talabijin ko waya ba sa maye gurbin wannan, domin ba sa jiran amsarsa.

Kowa zai iya gwadawa. Ku dubi idon jariri ɗan wata 4, ku yi masa magana, sannan ku yi shiru kaɗan. Galibi zai motsa baki, ya yi murmushi ko ya fitar da sauti.

Don Allah a tura wa iyaye da masu reno wannan bayani.